Igiyar guga ba ta hawan bishiya ba ce

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin matasanmu na ƙasar Zuru da Yauri masu hawan ɗorawa da mangwaro, da masu saro wa dabbobi ganyen gawo da rani, da masu ɗora amya a kan kuka. Wasunsu sun fara hawa da igiya, kuma hakan ci gaba ne. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne irin igiyar: shuɗiyar nan ta roba da ake jan guga da ita ko ɗaure kaya a mota. Rana tana cinye ta har ka murza ta ka ga gari a tafin hannunka, santsinta ba ya barin ƙulli ya zauna, kuma tana narkewa da zafin da bai wuce digiri 165 ba, wanda gogayyar saukowa da sauri kan iya kaiwa.

Igiyar hawa saƙaƙƙiya ce, mai zare a ciki da riga a waje, kaurinta milimita 11 zuwa 13, kuma ba ta miƙewa sosai. A duba tambarin da ke bakinta, a nemi lambar shaidar inganci EN 1891 nau'in A. Irin wannan ba ta tsinkewa ƙasa da 22 kN, wato kusan kilo 2,200. Wani zai ce ina ruwan mai kilo 70 da wannan ƙarfi? Ƙulli kaɗai yana cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin igiya, sannan fizgar wanda ya zame ko da mita ɗaya tana ninka nauyinsa sau da yawa. Tsawonta kuwa ya ninka nisan reshen daga ƙasa sau biyu da ɗoriya, domin ana rataya ta ne ta sauko gefe biyu: reshe mai nisan mita 15 daga ƙasa yana son igiya mita 35. Kada a sayi ta gwanjo, komai arhar ta. Igiyar da ruwan batir ya taɓa tana iya ruɓewa ta ciki alhali ido bai ga komai ba.

Sai ɗamarar zama, mai zagaye ƙugu da cinyoyi biyu, da zobe a gaba da ɗaya a kowane gefe, mai lamba EN 813. Bel ɗin magina mai zobe a gadon baya an yi shi ne don tare faɗuwa. Wanda ya rataya a cikinsa ba zai iya aiki ba, kuma yana matse jijiyoyin cinya.

Ƙugiyoyin ƙarfe uku, na haɗa ɗamarar da igiya, sun isa mai farawa, amma su kasance masu kulle kansu, waɗanda sai an yi motsi uku kafin bakinsu ya buɗe. Ana buga ƙarfinsu a jikinsu, kada ya gaza 22 kN. Wannan ƙarfin na tsaye ne. Idan ƙugiya ta juya nauyi ya hau ta a gicciye, abin da ya rage kan zama kusan kashi ɗaya cikin uku, don haka ido na kanta kullum. 'Yan ƙananan da ake rataya makulli da su ko kusa kada su zo wurin.

A ƙara da igiya mai milimita 8 zuwa 10 wadda ke jure zafi, don ɗaura ƙullin Furusik a jikin igiyar hawa, ƙullin da ke zamewa in an tura shi da hannu, ya cije in nauyi ya hau shi. Sai gajeruwar igiya ta mita 3 zuwa 4 da ake zagaya gangar bishiya da ita, da hular kwano mai maɗaurin haɓa, da siririn zare mai 'yar jakar yashi ta giram 300 don jefawa kan reshe a jawo babbar igiya.

Kaya masu kyau ba sa gyara mugun reshe. A zaɓi ɗanye, mai kaurin santimita 15 ko fiye, igiyar ta zauna a cikin gwafa, manne da gangar. Kuka abin lura ce ƙwarai, domin itacenta laushi gare shi, reshe mai kauri yana iya ɓallewa ba tare da ya yi ƙara ba. Kafin a hau, mutum biyu su rataya a igiyar ƙafafunsu na dab da ƙasa. A saurari kukan zuma, a duba kogo, a kuma nisanci wayar lantarki da aƙalla mita 3. A ƙulle ƙarshen igiya don kada Furusik ya zare ta can. Duk mai shirin sara da adda ya fara ɗaura gajeruwar igiyar, ya zama yana maƙale wuri biyu, domin sara ɗaya ke raba igiyar da ke ɗauke da nauyi.

Mai koyo ya yi makonninsa na farko bai wuce mita 2 daga ƙasa ba, yana hawa yana sauka a gaban wanda ya iya, har hannunsa ya saba da ƙullin. Kuma kada ya hau shi kaɗai, domin wanda ya suma yana rataye a ɗamara yana buƙatar a sauko da shi cikin 'yan mintuna.

Wassalam.
Mai karatunku daga Yauri, Jihar Kebbi.