Wasiƙa zuwa ga Abba kan haɗin kemis

Assalamu alaikum, Abba.

Bayan gaisuwa mai yawa, ya aikin ginin, ya Abuja? Mu nan lafiya ƙalau, Innarka tana gaishe ka.

Ƙaninka da ya dawo daga wajenka ya ce kullum ka tashi aiki sai ka biya kemis a ƙulla maka haɗi a leda, wai na ciwon jiki. Dalilin wasiƙar nan ke nan. Ƙwayar da aka ɓalle daga katinta, ba ka san sunanta ba, ba ka san ranar lalacewarta ba, balle lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna. Ka daina karɓa.

In jiki ya yi tsami, farasitamol ya isa. Ƙwaya ɗaya miligiram 500 ce. Babba yakan sha biyu, ya bari awa 4 zuwa 6 kafin ya ƙara, kuma ba a wuce ƙwaya 8 cikin awa 24. Abin da ya haura haka hanta yake ci, kuma mutum na iya yin kwana ɗaya ko biyu yana harkarsa kafin ɓarnar ta fito fili. Inda mutane ke ruftawa shi ne a sha Panadol, a kawo Procold na mura a ɗora, alhali duka biyun akwai farasitamol a ciki. Kai da ka yi sakandare, karanta kwali bai kamata ya gagare ka ba.

Ibuprofen da diclofenac, waɗanda nake zaton su ne jigon haɗin naka, suna gurje ciki har su jawo olsa. Suna kuma wahalar da ƙoda, musamman ga wanda ya wuni cikin rana yana ɗaukar bulo, gumi na zuba, ruwa kuwa sai an tuna. Kada ka sha su cikinka wayam, kada ka haɗa biyun. In ka ga bayan gidanka ya koma baƙi ƙirin, yana iya zama jini, ka nufi asibiti a ranar.

Zazzaɓi kuma zancensa daban. Farasitamol zafin jiki kawai yake saukarwa, ba ya kashe ƙwayar maleriya. In zazzaɓi ya kwana a jikinka, ka je a soki yatsa a gwada, minti 20 ya isa a san sakamako.

Gajiyar aiki kuwa, ka yi wanka da ruwan zafi, ka ci abinci, ka kwanta da wuri ka bar latsa waya.

Ka gaida maigidanka. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka