Zuwa ga 'yata ta Yalwa, wadda ta tambaye ni wa ya kashe wasanmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

'Yata, ina fatan kina lafiya, ke da karatu da mutanen gida. Ranar Asabar ɗin da ta wuce, da aka gayyace ni hira a rediyo kan tsofaffin wasannin kwaikwayo na nan Bauchi, wayarki ce ta ƙarshe da aka ɗauka. Kin ce daga Yalwa kike, ba ki faɗi suna ba. Ga tambayarki yadda na riƙe ta: "Baba, har yau mahaifiyata tana ba mu labarin wasan nan naku da aka tsayar ana tsakiyar rikicin gado. Me ya sa ake kashe shirin da jama'a ke so, wani kuma da ba wanda ya damu da shi a yi ta jan sa shekara da shekaru?" Ina shirin buɗe baki mai gabatarwa ya nuna mini agogo, lokacin talla ya yi. Na ce miki sai haƙuri, haka harkar take, aka rufe layi. Na hau mashin na koma gida raina bai kwanta ba, don na san ban ba ki komai ba. A hanya na tuna cewa tallar da ta katse ni ita ce rabin amsarki, na yi dariya ni kaɗai.

Bari in fara da namu, tunda shi ne ya dami mahaifiyarki.

A gidan talabijin ana lissafin shiri da kwata, wato mako 13. Wasan kwaikwayo ba ya hawa iska sai an samu mai ɗaukar nauyi. Namu wani ɗan kasuwa ne mai sayar da taki da maganin feshi, ya biya kwata biyu, kashi 26 ke nan. Ana dab da sa hannu a ta uku sai ya ga damina ta wuce, manoma sun gama sayen abin da za su saya, ya ɗauke kuɗinsa ya kai wani wuri. Bai yi faɗa da kowa ba. Shi kansa yana kallon wasan da iyalinsa, ya kuma gaya mini haka da bakinsa.

Wasiƙu suka yi ta zuwa daga Azare, Misau, Ningi, Dass, har da Gombe. Na cika kwali da su, na ɗauka a ka na dire a teburin shugaban sashen kasuwanci na tashar da nake aiki a lokacin. Dattijo ne mai sanyin magana. Ya zaro biyu ya karanta har ƙarshe, ya cire tabarau, ya ce, "Malam, wacce daga cikinsu za ta saya mana dizal?" Na yi wata guda ba na gaishe shi da kyau. Da girma ya zo mini na gane lissafi yake yi, kuma lissafin daidai ne.

A wannan tashar akwai wani shiri da ya riga namu farawa, ya kuma binne namu da shekaru masu yawa. Mutum ɗaya ne a kujera, da tebur, da furen roba a kwalba, sai baƙo daga wata ma'aikata yana bayani. Ban taɓa jin ana hirarsa a majalisa ko wurin mai shayi ba. Amma kyamara ɗaya ta ishe shi, a cikin situdiyo, rabin awa an gama, ma'aikatar kuma tana biya. Namu kuwa 'yan wasa sun haura ashirin, ga motar kai su lokeshan, ga abinci, ga man janareto, ga sallamar mai gidan da muka ara, ga kwanakin da ake yi ana tace hoto. To shiri yana rayuwa ne a tsakanin abin da ya ci da abin da ya kawo. Mai cin kaɗan ko mutum goma ke kallon sa zai kai labari.

Kada ki ɗauka talaucinmu ne ya jawo haka. A Amurka, inda kuɗin harkar yake, akwai kamfanin Nielsen da ke ƙidayar masu kallo, kuma masu talla sun daɗe suna fifita 'yan shekara 18 zuwa 49, don su ake ganin suna saye suna kuma canja abin da suke saye. A 1971 tashar CBS ta share jerin shirye-shiryenta masu labarin karkara, alhali wasunsu suna cikin 20 da aka fi kallo a ƙasar baki ɗaya. Laifinsu kawai shi ne masu kallon su dattawa ne da mutanen ƙauye. Duk sanda na tuna wannan sai in tuna matan Darazo da Alkaleri da suke cika tsakar gidan mai talabijin ɗaya a unguwa. Suna da yawa, amma mai talla ba yawan kawuna yake nema ba, aljihu yake leƙe. Abin da tasha take sayarwa idanunku ne, 'yata. Wasan kwaikwayon tsaba ce da ake watsawa don ku taru.

Wani lokaci ma mai kuɗin shi ke zaɓen labarin. Cock Crow at Dawn da NTA ta fara nunawa a 1980, wanda aka ɗauka a yankin Jos, bankin UBA ne ya ɗauki nauyinsa, labarinsa kuma na noma ne a zamanin da ake ta kiran mutane su koma gona. Wasa ne mai kyau ƙwarai. Sai dai kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma ranar da kuturun ya daina biya aska ta koma kube.

Sai kuma maganar mallaka, wadda masu kallo ba su cika sani ba. A watan Mayun 2018 tashar Fox ta soke wani wasan barkwanci na 'yan sanda mai suna Brooklyn Nine-Nine. Washegari NBC ta ɗauke shi. Mutane suka ce kukan masoya ne ya cece shi, kuma kukan ya taimaka. Amma kamfanin da ke shirya wasan, Universal Television, gida ɗaya suke da NBC. A wurin Fox shirin ɗan haya ne, abin da take samu kuɗin tallar daren nan ne kawai. A wurin mai shi kuwa kowane kashi kadara ce da za a yi ta sayarwa. Can a al'adarsu in shiri ya doshi kashi 100 sai ya zama abin da ƙananan tashoshi ke saye suna maimaitawa kullum, don haka shirin da ya kusa kai wannan adadi sau da yawa akan lallaba shi ko da ya fara rauni. Star Trek ma da aka soke a 1969 yana da kashi 79, a maimaici ya yi sunan da har yau ake cin moriyarsa.

Nan ne abin ya fi yi mini ciwo. Mu kaset tsada gare shi. In an nuna shiri an gama, sai a ɗauki kaset ɗin a naɗi wani abu a kai. Kashi 26 ɗin nan da mahaifiyarki take tunawa, da idona na ga an ɗauki kaset na 9 aka fita da shi ɗaukar bikin buɗe rijiyar burtsatse. Da guda-guda suka tafi. Da akwai su, yau da na zuba su a YouTube jikokina suna cin abinci da su.

Nasara ma tana kashe shiri. A zango biyu na ƙarshe na Friends, wani wasan barkwanci na Amurka, jarumai shida kowannensu dala miliyan 1 yake karɓa a kowane kashi. Mu namu bai kai nan ba, amma ciwon iri ɗaya ne. Yaron da ka ɗauko daga ƙungiyar dirama ta makaranta yana murna da kuɗin mota, in ya yi suna sai ka bi layi kafin ya ɗaga wayarka, kuma da gaskiyarsa. Jaruma kuma ana tsakiyar labari sai a kawo kuɗin aurenta, ki ce Allah ya sa alheri, ki koma ki zauna da takarda kina tunanin ko ki kashe ta a haɗarin mota ko ki tura ta karatu Sudan. Shirin da aka ɗora a kan mutum ɗaya, ranar da ya tafi rufin ya rufta. Dubi Daɗin Kowa na Arewa24, tashar da ta fara aiki a 2014. Labarin gari ne sukutum, gidaje da yawa, wani ya fita wani ya shigo, kuma tashar ce da kayanta. Irin wannan ginin shi ke jure shekaru. Shirin nan mai suna Labarina kuwa ya nuna wata dabarar: ya canja jarumar da ke riƙe da babban matsayi, daga baya ya sauya labarin ɗungurungum, sunan dai yana nan mutane suna bin sa.

Zamaninku na YouTube ya sauƙaƙa wani abu ya kuma tsananta wani. Yanzu furodusa ba ya jiran manajan tasha, kuma ƙidayar masu kallo tana nan a fili ƙarƙashin bidiyo. YouTube na ba mai tasha kashi 55 cikin 100 na kuɗin tallar da aka sa a dogon bidiyonsa. Sai dai farashin talla ya danganta da ƙasar da mai kallo yake. Bahaushe ɗaya da ya kalla daga Landan ko Jidda ya fi wanda ya kalla daga Wunti kawo kuɗi nesa ba kusa ba. Ga kuma masu turi. Mutum ɗaya ya sauke shirin da datarsa, ya zauna a rumfa da kwamfuta, ya tura wa mutum ɗari a waya kowa ya ba shi ɗan canji. A idon unguwa shirin ya karɓu, ko'ina maganarsa ake yi. A idon na'ura mutum ɗaya ne ya kalla. Ban ga laifin mai zuwa wurin turi ba, data ba arha ba ce. Amma in kin ji furodusa yana cewa shirinsa ya yi farin jini kuma ya karye, ba ƙarya yake yi ba. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, kuɗin kwana ɗaya a lokeshan ya zama abin da ake zama a yi shawara a kansa.

Na'urar kuma tana lura da inda kika tsaya. In kin buɗe kashi kika fita bayan minti uku, ta rubuta. Manyan kamfanoni irin su Netflix ma suna duba mutum nawa suka kai ƙarshen zango, su auna da abin da zangon ya ci.

Hukuma ma tana da nata hannun. A Mayun 2025 Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ta dakatar da shirye-shirye masu dogon zango 22 a lokaci ɗaya, bisa cewa ba a kai su an tace ba kafin a sake su. Wanda ke da ƙarfi yakan je ya daidaita ya dawo. Ƙaramin furodusa da ya ci bashi ya yi kashi huɗu, makonnin da zai yi a tsaye sun isa su gama da shi.

Kin ga na jera mai taki, na jera dattijon sashen kasuwanci, na jera masu turi. Laifi tudu ne. Ga nawa, wanda ban taɓa faɗa a bainar jama'a ba. Rikicin gadon nan ya kamata ya ƙare tun kashi na 18. A rubuce yake, na gama shi. Da na ga wasiƙu suna zuwa sai kwaɗayin kwata ta uku ya kama ni, na shiga jan labari. Na ƙirƙiro kawu daga Kamaru, na kwantar da amarya asibiti mako uku ba dalili, na sa alƙali ya ɗage shari'a har sau huɗu. Da na tsaya inda labarin ya tsaya, da mahaifiyarki ta ga ƙarshensa mai taki bai ko janye ba. Yaran yanzu da nake gani suna kai shiri zango goma sha, ana minti bakwai ana nuna mota tana shiga get, na san ciwon da ke damun su don na yi shi.

Za ki ce to mai kallo ba shi da ta cewa ke nan? Yana da ita, amma gajeriya ce. A 2007 CBS ta soke wani shiri mai suna Jericho, masoyansa suka yi ta aika wa ofishin tashar gyaɗa har ta haura tan 20. Da na ji labarin na ce da mu aka aiko wa, da mun kai ta kasuwar Muda Lawal mun biya kwata guda. Tashar ta dawo da shirin, aka yi kashi 7, masu kallo ba su ƙaru ba, aka sake rufe shi a 2008. Kwalin wasiƙuna da gyaɗarsu duk jirgi ɗaya ya kwaso su. In kina son wani shiri na yanzu ya daɗe, ki kalle shi a tashar masu shi, ki bar tallar ta ɗan yi tafiya, ki kai ƙarshen kashin. Wannan shi ne abin da ake iya ƙirgawa a kai wa mai kuɗi.

Saura saƙon mahaifiyarki. Ki gaishe ta, ki ce mata takardar gonar ba ta ɓace ba. Tana cikin gafakar marigayi, wadda uwargida ta rataye a ɗakinta tun kashi na 2 ba wanda ya kula. Almajirin gidan ne zai gano ta ranar da aka sa shi kaɗe ƙura. Gonar kuma ashe marigayi ya riga ya sayar da ita ya biya wa ƙaninsa bashi, ƙanin nan da ya fi kowa ɗaga murya a gaban alƙali. Rubutun yana nan cikin littafi mai bangon shuɗi a ƙasan akwatina, asu ya ci gefen shafi biyu amma ana iya karantawa. In tana so, ki bar lamba a wurin mai gabatar da shirin, in ba da a yi mata hotonsa a kai mata Yalwa.

Wassalam.

Babanki,
tsohon mai shirya wasan kwaikwayo,
Bauchi.