Albasar ado mai sunkuyar da kai ba albasar gona ba ce

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili mu ja hankalin masu sha'awar furanni kan wata albasar daji da ake shukawa don ado, wadda masana tsirrai ke kira Allium cernuum. Asalinta daga Arewacin Amurka ne, tun daga Kanada har Meziko, kuma masanin tsirrai Bajamushe Albrecht Wilhelm Roth ne ya raɗa mata wannan suna a 1798. Tsawonta kan kai santimita 30 zuwa 45. Abin da ya bambanta ta shi ne karan furen yakan lanƙwashe daga sama, sai tarin furannin, ruwan hoda ko farare, su rataya suna kallon ƙasa. Ƙudan zuma na sonta ƙwarai.

Babban kuskuren da ake yi shi ne a ɗauke ta kamar albasar gona, a cika mata taki a yi ta dura mata ruwa. Ita kuwa a daji ta saba da gefen duwatsu da ƙasa mai tsakuwa. Idan ruwa ya kwanta a gindinta, kan ya ruɓe tun daga saiwa, lawashin ya yi rawaya ya kwanta, mai shuka kuma ya zaci ƙishi ne ya ƙara ruwa, ya ƙarasa ta. A tukunya, a haɗa kashi 2 na ƙasar lambu, kashi 1 na yashi mai kauri, kashi 1 na ruɓaɓɓen taki, a tabbata gindin tukunyar a huje yake. A ƙasa mai yumɓu sai an ɗaga kunya. Rana ta awa 6 ta wadatar, amma inda zafi ya yi tsanani ta fi son inuwa da la'asar. Ba a ba ta ruwa sai saman ƙasar ya bushe.

Irinta ba ya tsira da sauƙi sai ya sha sanyi, domin a ƙasarta ta asali yakan kwana cikin ƙasa duk lokacin hunturu. Dabarar ita ce a cuɗa irin da yashi mai ɗan damshi, ba jiƙaƙƙe ba, a ɗaure a leda, a ajiye a firji wajen da ba ya daskarewa na kimanin kwana 60. Bayan haka a shuka a zurfin rabin santimita. A shekarar farko tsiron siriri ne kamar ciyawa, don haka a kafa alama, in ba haka ba mai cire ciyawa zai tumɓuke shi. Fure sai shekara ta biyu ko ta uku. Ko bayan ta kafu tana bukatar lokacin sanyi kowace shekara, shi ya sa ba ta daɗewa a wurin da zafi ba ya sauka. A irin wannan wuri 'yar'uwarta Allium tuberosum, mai faffaɗan ganye da fararen furanni, ta fi jurewa.

Hanya mafi sauri ita ce raba gungu. Duk bayan shekara 3, ko idan kawunan sun kai 8 zuwa 10 a wuri ɗaya, a tone gaba ɗaya, a rarraba da hannu, a mayar da su a zurfin da aka same su, da tazarar santimita 15 zuwa 20. Wanda ba ya son ta mamaye lambu ya yanke furen da zarar ya fara bushewa, kafin baƙin irin ya zube. Amma lawashin a bar shi ya bushe da kansa, daga nan kan ke tara abincin baɗi. Idan aka ga farin abu kamar auduga a gindin kai, a cire shukar a ƙone, kada a sake dasa dangin albasa a wurin, domin cutar kan zauna cikin ƙasa fiye da shekara 15.

Ana cin ganyen da kan da furen, ɗanɗanonsu na da ƙarfi, kaɗan ya isa. Sai dai a kiyaye. A yammacin Arewacin Amurka akwai tsiro mai kisa, Toxicoscordion venenosum, wanda kansa ke kama da nata kafin fure. Shi ba ya warin albasa. Amma gwajin sansanawa ma yana da tarko: hannun da ya riga ya murza albasa zai shafa warin a kan komai, don haka a wanke hannu tsakanin tsiro da tsiro. Kuma a nisanta ta daga karnuka da kyanwoyi, domin duk dangin albasa na lalata musu jajayen ƙwayoyin jini.

Mun gode.

Naku,
Wasu masu kula da lambun furanni