Kafin a shigo mana da leza mai cin tsatsa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ni mai walda ne a Garwa, yawancin aikina garmar shanu da bodin manyan motocin ɗaukar auduga. Kwanakin nan yaran shagona ba su da zance sai na'urar leza, mai harba siririn haske mai ƙarfin gaske, da suke gani a waya: a haska ƙarfe mai tsatsa, kafin ka ce kwabo ya fito fari tas. Har wasu 'yan kasuwa sun fara cigiyar yadda za a kawo ta daga Sin.

Ba siddabaru ba ne. Tsatsa da fenti suna shan hasken nan take su ƙone su tashi, ƙarfen da ke ƙasa kuwa yana mayar da mafi yawansa, shi ya sa ba ya lalacewa idan an saita ta daidai. A Jamus har goge ƙarfe ake yi da ita, ta narkar da fatar sama 'yar siririya, ta daskare sumul. Ta fi feshin yashi nesa ba kusa ba, don ƙurar yashi cin huhu take yi. Ramin da tsatsa ta riga ta haƙa dai sai walda.

Ni ido ne damuwata. Hasken irin wannan leza, wanda lambarsa a ma'aunin haske wajen nanomita 1064 ce, ido ba ya ganinsa. Tartsatsin walda ko yaro ya gani zai runtse ido ya kau da kai. Wannan kuwa sai ya daki ƙarfe mai ƙyalli ya dawo, ya ƙona can cikin ido, kuma wurin ba ya komawa yadda yake. Baƙin gilashinmu na walda ba don shi aka yi ba, yana da tabaransa na musamman da aka rubuta lambar hasken a jiki. To mu da muke aiki a bakin titi, mai tallan ƙosai na wucewa, almajirai sun yi cirko-cirko suna kallo, wa zai raba musu tabarau? Ga hayaƙin tsohon fenti, wani da dalma a ciki.

Roƙona, makarantun koyon sana'a na Garwa da Marwa su fara koyar da ita tun yanzu, kuma hukuma ta sa doka: ba a sayar da ita sai da tabaranta, ba a kunna ta sai a ɗaki rufaffe mai injin zuƙe hayaƙi.

Naka,
Wani mai walda, Garwa, Kamaru