Rahoton ayyukan shekara ga mambobinmu na Garwa

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Zaman ƙarshen wata an yi shi yadda aka saba, ban da na watan azumi.

Abin da ya faranta mini rai a bana shi ne bitar da muka yi a shagon ma'aji da ke Yelwa, kan yadda kanel ɗin Linux, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, ke riƙe lokaci. Da aka kawo maudu'in, wasu cewa suka yi ya fi ƙarfinmu. Ranar kuwa benci bai ishe mu ba, har ɗalibai daga Marwa da Ngaundare suka zo, aka shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa.

Malaminmu ya fara da TSC, maƙirgin da kamfanin Intel ya sa cikin furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, tun Pentium na 1993, mai lissafa bugun furosesa ɗaya bayan ɗaya. Karanta shi ba ya cin lokaci, shi ya sa kanel ya fi son sa. Sai ya ɗauko tsohuwar kwamfutarmu mai Core 2 Duo, wadda madanninta biyu suka fita, ya buga dmesg, umarnin da ke nuna saƙonnin kanel. Ga layi nan ƙarara: kanel ya janye amincewa da TSC, domin a wannan furosesa maƙirgin yakan tsaya idan ta shiga barci mai nauyi. Ya buɗe current_clocksource, fayil ɗin da ke nuna agogon da kanel ke aiki da shi, muka ga an koma hpet, wani agogo da ke wajen furosesa. Daga nan ya jero sauran agogunan da ke cikin kwamfuta: tsohon PIT mai bugu 1,193,182 a daƙiƙa, da agogon ACPI mai 3,579,545, wanda idan na bit 24 ne, wato mai ƙaramin wurin ajiye lamba, yakan cika ya koma sifili kafin daƙiƙa 5. Ya kuma nuna mana cewa kanel na da mai gadi da ke gwada wannan agogo da wancan duk rabin daƙiƙa, in ɗaya ya kauce a sauke shi. Da muka gwada a sabuwar kwamfuta, muka tilasta mata acpi_pm, wato wannan agogon na ACPI, tambayar lokaci sau miliyan da take gamawa kafin ƙiftawar ido sai da muka zauna muna jiranta.

Wata ƙanwarmu ta ce, "Malam, to in an kashe kwamfutar, wa ke ƙirgawa?" Bai amsa da baki ba. Ya kwance bayan na'urar, ya ɗago ɗan batirin CR2032 a kan farcensa, ya ce shi ke ciyar da agogon RTC mai bugu 32,768 a daƙiƙa, kuma daga gare shi kanel ke karɓar kwanan wata idan an kunna. Masu gyara da ke wurin suka hau gyaɗa kai, don kullum ana kawo musu kwamfutar da shekararta ta koma baya har shafukan intanet suka ƙi buɗuwa.

Sai abin da bai yiwu ba. Ɗan littafin Hausa da muka yi alkawari ya tsaya a babi na biyu. Ba sakaci ba ne. Mu uku muke rubutun, kuma a Maris da Afrilu, ga zafi ga ɗaukewar wuta, kwamfutar ba ta jure awa guda. Babin ARM kuwa, wato irin furosesar da ke cikin yawancin wayoyin hannu, ba zan rubuta shi da ka ba. Ina so mu ga maƙirgin Raspberry Pi 4, 'yar ƙaramar kwamfuta mai furosesar ARM, yana bugu miliyan 54 a daƙiƙa da idonmu, kuma kuɗin sayensa babu. Haka batun batir da faranti mai hasken rana.

Dalilin kun san shi. Fiye da rabinmu ba su biya kuɗin wata ba tun bayan babbar salla. Na kira, na tura saƙo a WhatsApp, na hau moto har ƙofar gidajen wasu, amsar dai "sai an yi albashi". Wallahi na gaji. Abin da ya fi ci mini rai, waɗanda ba a ganinsu a zama su ne kan gaba wajen tambayar ina aka kwana kan littafi. Wanda ba shi da hali ya faɗa wa ma'aji a asirce, ba wanda zai ji. Wanda ke da shi ya kawo kafin zama mai zuwa, a ranar za mu yanke ko Raspberry Pi za a fara saye ko batir.

Wassalam,
Magatakarda