Hawan tsauni ba yawon shan iska ba ne

Assalamu alaikum Malam Edita, dan Allah a ba ni fili in ja kunnen masu sha'awar hawan tsaunukan Alps na nahiyar Turai saboda hotunan da suke gani a Facebook, ga tafki shuɗi a ƙasa ga ƙanƙara a sama. Wallahi abin ba wasa ba ne fa. Daga wajen mita 2,500 iska ke fara ƙaranci, ciwon kai da jiri su taso, wani wurin ma sai ka rarrafa da hannu, tsakuwa na zamewa ƙarƙashin takalmi, ka kama dutse ya ɓalle a hannunka. Ni saukowa ta fi ba ni tsoro, gwiwa ta riga ta gaji kuma hadari yakan haɗo bayan azahar. A fita tun asuba, in sama ta canza a juyo kawai.