Rahoton Ayyukan Ƙungiya na Shekara

Assalamu alaikum. Shugaba, iyayen ƙungiya, 'yan'uwa maza da mata.

Taron wata-wata an yi tara cikin sha biyu, bayaninsu na cikin littafi ga mai son dubawa.

Babban abin farin cikinmu bana shi ne hawan dutsen Shere da ke kusa da Jos. Kun san mataimakin ma'aji ya rasa Innarsa bara, bayan doguwar jinyar sankarar mama. Shi ya kawo shawarar mu hau dutse da sunanta, jama'a su yi alƙawarin sadaka, abin da aka tara a kai wa masu irin ciwonta. Ranar an sha dariya: ina Basakkwace, wanda ya saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ina tsauni? Wani daga cikin iyayenmu ya ce ai gara a yi mata saukar Alƙur'ani. To, an yi saukar, an kuma yi hawan. Kwatarkwashi ya fi kusa, amma ratsa Zamfara da rana daban, tsayawa a shiga dutse daban.

Mu bakwai muka tafi, biyu mata. Wata guda muna taka sayyada bayan Asuba daga Mabera zuwa Runjin Sambo don ƙafa ta saba. Mun zaɓi 4 ga Fabrairu, Ranar Yaƙi da Ciwon Daji ta Duniya. Ƙololuwar Shere ta kai mita 1,829 daga saman teku, kuma sanyin Filato ba irin hunturun da muka sani ba ne, yatsu har ƙagewa suke yi. Ni da na fi kowa cika baki a mota, ni aka riƙa jira. Hajiya mai kula da walwala, da aka ce ta zauna gindin dutse ta tsare kaya, ita ce ta biyu da ta isa sama. Can ɗan'uwanmu ya fito da tasbahar Inna daga aljihu, ya fara addu'a, murya ta ƙi fita. Hajiya ce ta dafa shi ta ce, "Ɗana, bari in ƙarasa maka." Allah Ya jiƙan Inna, Ya kai mata ladan.

An tara naira miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. Da su muka biya kuɗin gwaji, da allurar kimo, wato maganin ciwon daji da ake sawa ta jijiya, da kuɗin mota ga marasa lafiya sha ɗaya a sashen ciwon daji na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, inda ake zuwa daga Kebbi da Zamfara har da Nijar. Rasitai na hannun ma'aji. Kuɗin tafiya kuwa kowa daga aljihunsa ya biya, na faɗa ne saboda maganar da na ji tana yawo.

Sai dai ku sani, mafi yawan kuɗin nan daga 'yan Babbar Kasuwa da abokan aikin marigayiya suka fito, mutanen da ko sunansu babu a rajistarmu. Mu sittin da huɗu ne, sha tara kaɗai suka cika kuɗin wata. Naira dubu ɗaya ce fa. Na kira, na tura saƙo, wasu har gida na bi su, amsar ɗaya ce: "Malam Sakatare, sai an yi albashi." Albashi sha biyu aka yi. Amma da hotunan dutse suka faɗo zauren WhatsApp, kowa "ƙungiyarmu" yake cewa.

Shi ya sa ɗakin da muka yi alƙawarin kama wa masu jinya 'yan ƙauye kusa da asibiti bai samu ba. Ba sakacin kwamiti ba ne. Mun sami ɗaki, mai gida ya jira mu wata biyu, ya gaji ya ba wani. Masu cewa a taɓa kuɗin dutse, waɗanda suka bayar don magani suka bayar, ba za mu karkatar da amana ba. Haka ma wayar da kan iyaye a Islamiyyu kan rigakafin sankarar bakin mahaifa, wanda gwamnati ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 kyauta tun 2023: makaranta shida muka tsara, ɗaya muka je, mu uku.

Jerin masu bashi yana wurin ma'aji. Shugaba ya hana in karanta sunaye bana, na bi umarni. A taron wata mai zuwa za a yi zaɓe, kuma ina roƙon a nemo wani ya karɓi littafin nan.

Wassalam,
Sakatare